Babi na Shida: Yadda Turanci Ke Auna Babu

Har yau in dattijo ya so ya tabbatar maka aljihunsa wayam yake, sai ya ce ba shi da ko anini. Jikansa da ke tsaye a gefe bai taɓa ganin anini ba. Bai san ɗan ƙaramin kuɗi ne mai huda a tsakiya ba, bai san sai an tara goma ake samun kwabo ba, kwabo goma sha biyu kuma su yi sule. Anini ya bar kasuwa tun kafin naira ta karɓi fam a 1973. Amma kalmar tana nan daram a bakin mutane, kuma aiki ɗaya tak ya rage mata, wato auna babu.

Babu ba ta nunuwa da yatsa. Shi ya sa in mutum ya so ya ƙarfafa ta, sai ya laluba ya ɗauko abu mafi ƙanƙanta da ya sani, ya ce ko wannan ma babu. Turanci cike yake da irin wannan salo, kuma wanda ya bi sawun kalmomin zai tarar da jerin abubuwan da masu harshen suka raina a zamani daban-daban: kuɗinsu da ya mutu, abincin talakansu, maƙwabtansu, wani lokaci har da mutanen da bai kamata a raina ba. Ɗalibai kan haddace waɗannan maganganu don jarrabawa ba tare da sun san abin da ke ƙunshe a cikinsu ba, ni kuwa ina ganin sanin asalinsu shi ke hana mutum ajiye su inda ba muhallinsu ba.

A fara da “not” kanta, wadda duk ɗan aji ɗaya ya sani. A tsohon Turanci, kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, kalmar kore ita ce “ne”, ana sa ta gaban aikatau. Da yake 'yar ƙarama ce, ba ta da nauyi a kunne, sai masu magana suka riƙa ƙara mata “nawiht”, ma'ana ko abu ɗaya, ko halitta ɗaya. Yau da gobe “nawiht” ta goge ta zama “nought”, ta ƙara gogewa ta zama “not”, ita kuwa “ne” ta asali ta ɓace gaba ɗaya. Ɗan rakiya ya gaje gidan ke nan. Masanin harshe ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, ya bayyana wannan juyi a littafinsa na 1917 kan kore, ya nuna ba Turanci kaɗai ya bi hanyar ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci suna faɗin “pas” sau ɗari a yini, alhali asalin ma'anarta taku ne: ban tafi ko taku ɗaya ba. Daga baya aka manta da tafiyar, aka riƙa liƙa takun ga ci da sha da gani.

Daga tushen “nought” ne kuma “naughty” ta fito, wadda iyaye ke jifan yaro mai ƙiriniya da ita a yau. Ma'anarta ta farko, a ƙarni na 14, ita ce wanda ba shi da komai, matalauci. Daga nan ta koma mugu, kafin ta yi sanyi ta koma kan yara. Kalma ta taso daga talauci ta sauka a mugunta, kuma ba wanda ya zauna ya shirya hakan. Haka mutanen zamanin suke kallon marasa shi, harshe kuma ya adana kallon.

Kuɗi su ne ma'auni na farko. Bature ɗan Ingila na da nasa aninin, sunansa “farthing”, rubu'in kwabo, sai an tara 960 ake haɗa fam guda. Daga 1937 hoton wani ɗan mitsitsin tsuntsu ake bugawa a bayansa. An daina karɓarsa ranar 1 ga Janairun 1961, amma tsofaffi na cewa abu “isn't worth a brass farthing”, bai kai ko anini ba. Na Amurka ya fi ciwo. A 1775, da Amurkawa suka tayar wa Sarkin Ingila, majalisar 'yan tawayen ta buga takardun kuɗi da ake kira “Continental” don biyan sojoji. Aka yi ta bugawa ba tare da zinariya ko azurfa a bayansu ba, farashi ya yi ta hawa, zuwa 1781 ba mai karɓarsu a kasuwa. Daga nan aka samu “not worth a Continental”. Duk wanda ya ga yadda takardar naira biyar ta koma abin da yaro ma ba ya durƙusawa ya ɗauka, ba ya bukatar a fassara masa wannan magana.

Bayan kuɗi sai harafi. “Not one iota” da “not a jot” duk daga wuri guda suka fito, wato “iota”, harafi mafi ƙanƙanta a rubutun Girkanci, kuma fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611 na cikin abin da ya dasa “jot” a bakin jama'a. Mu ma daga littafi muka samo ƙwayar zarra, kuma malamin allo ya san abin da ake nufi in an ce ba a canza ko wasali ba.

Sai abinci, inda maganar ta fi yawa. “Small potatoes”, ƙananan dankali, al'amari ne ko mutum marar muhimmanci. “Small fry” 'ya'yan kifi ne, su ne ƙananan ɓarayin da ake kamawa manyan na yawo. “Chicken feed” tsabar kaji, kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Abin da “doesn't amount to a hill of beans” bai kai darajar tudun da aka shuka wake a kai ba. Duk waɗannan na magana ne da hira da jarida. Ba a sa su a takardar neman aiki.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce “peanuts”. Ma'aikaci a Landan ko Shikago in ya ce “they pay me peanuts”, yana nufin albashin bai kai ya kawo ba. Gyaɗa a Amurka abin taunawa ce mai araha, ta 'yan kallo. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ana kiran kujerun da suka fi araha a gidan wasa, can sama nesa da dandali, “peanut gallery”. To a daidai shekarun da wannan raini ke kafuwa a harshensu, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama zinariyar ƙasar Hausa. Da ita Alhassan Ɗantata da takwarorinsa suka yi suna, da ita aka tayar da dala-dalar buhuna da ake hangowa daga nesa, da kuɗinta aka yi aure, aka je Makka, aka biya haraji, aka gina makarantu a Jihar Arewa. Wani ɗalibina, ɗan manomi, ya taɓa karanta jimlar “they pay me peanuts” a aji ya fassara ta da cewa ana biyan mutumin da amfanin gona, kuma a fuskarsa babu alamar yana ganin an cuci mutumin. Ban yi masa dariya ba, ban kuma bar 'yan ajin su yi ba. Fassararsa ta yi daidai da duniyar da ya tashi a ciki. Abin da ya rage masa ya koya shi ne cewa akwai wata duniyar da ke auna babu da abin da ya ciyar da kakanninsa. Yau ma'aikacin Kano da kansa kan ce albashinsa “peanuts” ne, a garin da gyaɗa ta gina.

Filin wasa na da nasa kalmomin. A ƙwallon ƙafa ɗan Ingila na cewa “two-nil”, kuma “nil” gajarcewar kalmar Latin ce mai nufin ba komai. A wasan kurket wanda aka fitar bai ci komai ba an ce ya fita da “duck”, wato ƙwan agwagwa, saboda siffar sifili; Ba'amurke kuma ƙwan dinya yake gani, “goose egg”. A tanis sifili “love” ne. Ni dai na fi son na masu sharhin wasanni a gidajen rediyonmu, da ke cewa an ci biyu da nema. Wanda aka ci ba a ce ba shi da komai ba, an ce yana nema.

Sifilin kansa ɗan'uwan “zero” ne na jini. Larabawa sun karɓi lissafin Indiya, suka kira gurbin da ba komai “sifr”, wato fanko. Wani ɗan Italiya, Leonardo na Pisa wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi lissafin a Bijaya ta ƙasar Aljeriya inda mahaifinsa ke aikin fatake, ya rubuta littafinsa a 1202, ya mai da kalmar “zephirum”. Ita ce ta gajarce a bakin Italiyawa ta zama “zero”. Ta wata hanyar kuma “sifr” ɗin ta shiga Turanci a matsayin “cipher”. Mu kuwa ta Sahara ta zo mana, a hannun malamai da fatake. Kalma ɗaya, hanya uku. Sai dai “cipher” ta ɗauki wata ma'ana da ya kamata a kula da ita: in aka ce mutum “a mere cipher” ne, ana nufin yana kan kujera amma hoto ne, ba a shawara da shi, ba a tsoronsa. Haka “a nobody”, haka “a nonentity”. Nan ma'aunin ya bar kan wake da dankali ya hau kan ɗan Adam.

Akwai wata magana da nake roƙon mai karatu ya san tarihinta kafin ya ɗauke ta. A Birtaniya za ka ji an ce “sweet Fanny Adams”, ko a taƙaice “sweet FA”, ana nufin ko ƙyas, ba komai sam. Fanny Adams ba ƙirƙirarren suna ba ne. Yarinya ce 'yar shekara 8 a garin Alton na yankin Hampshire. Ranar 24 ga Agustan 1867 tana wasa da ƙanwarta da ƙawarta, wani akawun lauya mai suna Frederick Baker ya janye ta zuwa wata gona, ya kashe ta, ya yi gunduwa-gunduwa da gawarta. Labarin ya girgiza ƙasar. Aka rataye shi a Winchester ranar 24 ga Disamba na shekarar, mutanen gari kuma suka yi karo-karo suka kafa dutse a kan kabarinta, yana nan har yau. Shekara biyu bayan haka, a 1869, aka fara ba sojojin ruwan Birtaniya naman tunkiya na gwangwani. Naman bai yi musu ba, sai suka laƙaba masa sunan yarinyar, da mugun wasan da ba sai na fayyace ba. Daga naman banza sunan ya koma duk abin banza, daga nan ya koma babu. Ƙari a kan haka, haruffan biyu sun yi daidai da na wata ashariya, don haka masu faɗi da yawa ashar ɗin suke sakayawa da sunanta.

Mafi yawan masu faɗin wannan magana ba su san da wata yarinya ba, kuma ban ɗora musu laifin abin da ba su sani ba. Amma ni tun ranar da na sani ban ƙara iya furta ta ba. Tana da uwa da uba, tana da ƙanwar da ta dawo gida ba tare da ita ba. Sunan da aka raɗa mata shi ne ya zama ma'aunin abin da ba shi da daraja. Turanci na da “nothing at all”, yana da “zilch” da “zip” na Amurkawa, yana da “nada” da ya aro daga Sifaniyanci. Ba a rasa abin faɗa ba.

Rashin mutum a wuri kuwa, nan ne maƙwabta ke shan suka. Wanda ya sulale daga taro bai yi sallama ba, ko ya bar aiki ba izini, Bature ya ce ya ɗauki “French leave”, hutun Faransawa, kuma maganar na nan tun ƙarni na 18. Faransawa ba su bar bashin ya kwana ba: su a wurinsu wanda ya yi haka ya yi “filer à l'anglaise”, ya zame irin ta Ingilishi. Italiyawa ma Ingilishin suka ɗora wa. Amurkawa kuma suka ce “Irish goodbye”, sallamar mutanen Ireland. Ɗabi'a ɗaya ce, kowa na yi, amma kowa ya rataya ta a wuyan na ƙetaren rafi. Malamin Katsina da malamin Maraɗi, da ba su fi tafiyar 'yan sa'o'i tsakaninsu ba, sun gaji zargi biyu masu karo da juna daga iyayen gijinsu na da, kan rigimar da ba tasu ba.

Daga bariki aka samo “AWOL”, haruffan farko na “absent without leave”, sojan da ya bar sansani ba izini. Yanzu har makanikin da ya karɓi kuɗi ya yi layar zana ana cewa “he's gone AWOL”. Wanda aka ajiye wa kujera a jirgi bai zo ba “no-show” ne. Yaron da ya gudu daga makaranta a Ingila “playing truant” yake, a Amurka “playing hooky”. Zamanin waya ya kawo “ghosting”, mutum ya ɗauke ƙafa ya daina amsa saƙo, ba faɗa ba sallama, kamar fatalwa. Har hankali ma ana yi masa rajistar zuwa: “he's not all there” na nufin da saura a kansa, kuma magana ce mai zafi, kada a ɗauka tana nufin bai iso ba.

Muna da tamu da muka ƙera a nan gida, wadda ɗan Landan zai yi jim kafin ya gane: “he's not on seat”. Shi zai ce “he's away from his desk”, ko “he's out of the office”. Ba na cikin masu ganin tamu kuskure ce abin kunya; Turancin Nijeriya Turanci ne, kuma a Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmominmu 29, har da “Kannywood”. Abin da ke damuna da ita daban ne. Na taɓa yin mako biyu ina zarya a wani ofis kan takardun fanshon mahaifina. Kullum masinja ya tare ni da wannan jimla, kwat na rataye a bayan kujera, fanka na juyawa, fayil na kan tebur. Jimlar ba ta ce ya fita ba, ba ta ce zai dawo ba, ba ta ce bai zo ba. Ta dai ce shi da kujera ba sa tare. A bencin da nake zama akwai tsofaffin da suka zo daga ƙauye da kuɗin motar aro, su ma ita ake gaya musu, da harshen da ba sa ji.

Inda ɗalibi ya fi tuntuɓe kuwa shi ne a ƙananan maganganun ladabi, domin mu “ba komai” ɗaya ta ishe mu. Da ita muke amsa godiya, da ita muke karɓar haƙuri, da ita muke kwantar wa mai jin nauyi hankali. Turanci ya rarraba aikin. Mai godiya ana ce masa “don't mention it” ko “not at all”. Mai ba da haƙuri ana ce masa “never mind” ko “it doesn't matter”. “No worries” ta mutanen Ostareliya ce, ta bazu duniya, kamar yadda “no wahala” tamu ke bazuwa, ita kuwa wahalar daga bakinmu Turancin buroka ya karɓe ta. Ramin da ke tsakiyar hanya shi ne bambancin “I don't mind” da “I don't care”. Mai masauki a Ingila ya tambaye ka shayi ko kofi, kana so ka ce duk wanda ya samu, don kada ka ɗora masa nauyi. “I don't mind” ita ce kunyar da kake nufi. “I don't care” a kunnensa ko oho ce, ko a jikina. Baƙo ya yi niyyar kawaici, mai gida ya ji raini, kuma da wuya ya gaya maka. “I couldn't care less” ta fi wannan kaifi. Amurkawa da yawa na yar da koren su ce “I could care less” da ma'ana ɗaya, abin da masu nahawu suka shekara fiye da hamsin suna ƙorafi a kai. “Whatever” kuwa, in ta fito ita kaɗai daga bakin yaro zuwa ga babba, ɗaga kafaɗa ce da murguɗa baki.

Wanda ya mai da allura garma, Bature ya ce ya yi dutse da tarin ƙasar da wata 'yar dabba mai kama da jaba ke turowa, “a mountain out of a molehill”. Rigimar da ba ta da tushe a Ingila guguwa ce a kofin shayi, “a storm in a teacup”; da ta haye teku zuwa Amurka sai ta koma cikin butar shayin, “a tempest in a teapot”.

Duk waɗannan na ƙanƙanta abu ne. Akwai guda ɗaya da ke yin akasin haka, ita ce “conspicuous by his absence”, wanda rashinsa ya sa aka fi ganinsa. Ɗan siyasar Birtaniya Lord John Russell ne ya shigar da ita bakin jama'a a 1859, a saƙonsa ga masu zaɓe na birnin Landan, yana sukar wani ƙudurin gyaran dokar zaɓe saboda wani tanadi da aka bari a waje. Da aka yi masa ca cewa maganar ta ci karo da kanta, sai ya ce ba shi ya ƙaga ta ba, daga marubucin tarihin Rumawa Tacitus ya samo.

Abin da Tacitus ya ba da labari ya faru a shekara ta 22 bayan haihuwar Annabi Isa, zamanin Sarki Tiberius. Wata tsohuwa mai arziki da asali, Junia, ta rasu. Ita 'yar'uwar Brutus ce, kuma matar Cassius, mutum biyun da suka jagoranci kashe Julius Kaisar, aka kuma murƙushe su a yaƙin Filibi fiye da shekara 60 kafin rasuwarta. Al'adar manyan Rumawa ce a ɗauko siffofin fuskokin kakanni da dangi a wuce da su gaban gawa, don jama'a su ga daga inda mamaci ya fito. A jana'izar Junia an fito da na manyan gidaje ashirin. Amma gidan Kaisar ke mulki, ba mai ƙarfin halin ɗaga fuskar waɗanda suka kashe shi. Jerin ya ratsa gari, mutane na tsaye a bakin hanya suna ƙirga fuskoki, suna kiran sunayen gidaje ɗaya bayan ɗaya, kowa kuma ya san mijin wace ce da ɗan'uwan wace ce ba a fito da su ba. Duk wanda ya taɓa zaman makoki a zaure, ana ta shigowa ana gaisuwa, idon kowa na komawa ƙofa saboda mutum ɗaya da har rana ta faɗi bai leƙo ba, ya san abin da ke zukatan mutanen Rum a ranar. Fuskoki da yawa sun wuce ta gabansu, amma zancen Brutus da Cassius suka koma gida suna yi.